Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: A Buɗe Zauren Karatu a Ikilisiyoyinmu

A shekara ta 250, Sarkin Rum mai suna Desiyus ya ba da umarni cewa kowane mutum a daularsa ya je gaban hukuma ya miƙa hadaya ga allolin Rum, sannan a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar, kowacce da sunan mai ita da sa hannun jami'an da suka tsaya a kansa. A Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, masu bi suka kasu. Wasu suka ƙi, aka ɗaure su, har wasu suka mutu a kurkuku. Wasu suka tsere. Wasu suka miƙa hadayar. Wasu kuma suka ba jami'i na goro, aka rubuta musu takarda ba tare da sun kusanci bagade ba. Da ƙura ta lafa, sai duk suka nufo majami'a guda, da gwauruwar wanda aka kashe da wanda ya sayi takarda. Wa zai ci Jibin Ubangiji, wa zai tsaya a bakin ƙofa? Bishop ɗin garin, Sipiriyan, wanda shi kansa ya ɓuya fiye da shekara guda har aka yi ta tsegumi a kansa, ya rubuta ɗan littafi a 251 game da waɗanda suka faɗi. Sashe 36 ne kacal.

Duk wanda ya san abin da ya sami kudancin Borno da arewacin Adamawa a 2014, lokacin da Boko Haram ta shiga Mubi da hedkwatar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi, ya san wannan tambaya ba ta tsufa ba. Akwai wanda aka ɗora wa bindiga ya furta abin da ba ya zuciyarsa. Akwai wanda ya gudu ya bar garke. Akwai wadda ta dawo daga daji da goyo. Dattawan ikilisiya sun zauna a kan waɗannan al'amura da hawaye, da yawansu kuwa ba su san cewa wani makiyayi a wannan nahiya tamu ya riga su zama a kan irinsu ba, kuma ya bar rubutu. Wannan rashi ne da ke ci mini rai, kuma maganinsa ba shi da tsada. Kowace ikilisiya mai sujada da Hausa tana iya kafa ɗan zauren karatu inda mutane kaɗan za su riƙa karanta tsofaffin littattafan bangaskiya tare, da baki, a hankali, suna mai da su Hausa jimla bayan jimla.

Na san abin da wani dattijo zai ce: ashe Littafi Mai Tsarki bai ishe mu ba? Ya ishe mu, kuma shi ne ma'aunin da za a auna kowane littafi da shi. Amma babu wanda ke karanta shi shi kaɗai. Kowace Lahadi muna zama wani ya buɗe mana shi. Baban nan na Habasha, a Ayyukan Manzanni sura 8, yana riƙe da littafin Ishaya a hannu, amma sai da Filibus ya hau karusa ya zauna kusa da shi. In mun yarda mu saurari bayanin mai wa'azin da ke raye, me zai hana mu saurari na Sipiriyan, wanda aka fille wa kai a 258 saboda abin da yake koyarwa? Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari, daidai yadda muke da su, ya fara bayyana cikakke ne a wasiƙar Ista da Atanasiyus, bishop ɗin Iskandariya a Masar, ya aika a 367. Waɗannan mutane ba baƙi ba ne a gidanmu. Kuma gurbin da muka bari bai zauna babu kowa ba: masu wa'azin wadata na cikin waya sun cike shi, matasanmu suna haddace maganarsu.

Game da hanyar karatu, ba sai mun je nesa ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe da ita a makarantar zaure. Ɗalibi ya karanto layi biyu ko uku, malam ya fassara kalma-kalma, ba a ƙara gaba sai an fahimci na baya, ana kuma farawa da ƙaramin littafi kafin babba, daga Ahalari zuwa Ishmawi, zuwa Iziyya, zuwa Risala. Abin ɗauka a nan shi ne ƙanƙantar darasi da bin tsani. Abu ɗaya ne za a sauya: a zauren da nake nufi, marubucin littafin shi ne malam. Mai jagora ɗan'uwa ne da ya riga sauran karanta darasin sau biyu, aikinsa tambaya da kula da lokaci.

Mutum shida zuwa goma sun isa. Jon Wesli, jagoran Metodis a Ingila, da ya tsara ƙananan ƙungiyoyinsa a Biristol a 1742, kusan mutum 12 ya sa a kowacce, kuma wannan ita ce iyaka. Lissafin a fili yake: in tattaunawa minti 40 ce, mutum 12 kowa bai samu minti huɗu ba. Da an haura haka, mutum uku za su riƙa magana, sauran su zama 'yan kallo, bayan wata guda su daina zuwa. In kuma ba a kai biyar ba, ranar da biyu suka tafi jana'iza ko biki zaman ya watse.

Awa ɗaya da rabi ya wadatar. Minti biyar na addu'a, wajen minti 30 na karatu da fassara, 40 na tattaunawa, goma na buɗe ayoyin da marubucin ya kawo, sauran a raba aikin mako mai zuwa. Kada darasi ya wuce kalma 1,000 zuwa 1,200, wato shafi uku ko huɗu. Karanta wannan da Turanci kawai bai fi minti takwas zuwa goma ba, amma in ana tsayawa a kowace jimla a mai da ita Hausa, lokacin yakan ninka uku. Nan ne ƙungiyoyi da yawa ke tuntuɓe. Sai a ce kowa ya karanto shafi 30 a gida. Mako na farko kowa ya karanto, na biyu rabi, na uku mai jagora kaɗai, daga nan kunya ta hana mutane zuwa. Karatu da baki a wurin zaman yana kawar da wannan kunya, yana kuma buɗe ƙofa ga Mama da ba ta yi boko ba amma ta fi kowa sanin Zabura.

Tambayoyin suna da jeri, kuma jerin ne ke riƙe zaman. Ta fari: me ya ce? Duk wanda zai amsa ya ɗora yatsa a kan layin, ya karanto shi. Ta biyu: wa yake ba amsa, wace matsala ce ta sa ya ɗauki alƙalami? Ta uku: gaskiya ne, in an auna da Nassi? Sai an gama waɗannan za a ce ina ya taɓa mu. Halinmu ne mu yi tsalle zuwa ta ƙarshe tun ba a gama jimlar farko ba, sai kowa ya maimaita abin da dama ya sani, littafin yana ajiye a cinya ba a ji ta bakinsa ba.

A ba kowa takardarsa, a buga da manyan baƙaƙe saboda idon dattawa, a bar fili a gefe domin rubutu. A riƙa kiran lambar sashe, kada a kira lambar shafi, domin bugu ya bambanta amma lambar sashe ɗaya ce a ko'ina. Fassarar Turanci ta rubuce-rubucen iyayen ikilisiya da aka yi a ƙarni na 19, kundi 38, tana nan kyauta a intanet, sai dai Turancinta tsoho ne, jimla guda takan ci layi shida. Mai jagora ya yayyanka irin waɗannan jimloli tun a gida. In akwai halin sayen sabuwar fassara ko da kwafi ɗaya ne, a saya a ajiye a tsakiya domin dubawa.

Ga shekarar farko kamar yadda zan tsara ta. A fara da wasiƙar nan zuwa ga Diyognitus, ta ƙarni na biyu, wadda ba a san marubucinta ba. Sura 12 ce gajeru, mako uku sun ishe ta, kuma sura ta biyar da ta shida suna magana a kan yadda mai bi zai zauna cikin mutanen da ba addininsu ɗaya ba: sutura ɗaya, abinci ɗaya, yare ɗaya, yana bin doka, amma yana zaune a ƙasarsa kamar baƙo. Mazaunin Kano ko Gusau ko Maraɗi ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan. Sai labarin Perpetuwa da Felisita, waɗanda aka kashe a Kartaj a 203. Perpetuwa 'yar shekara 22 ce, tana shayarwa, mahaifinta yana zuwa kurkuku yana roƙonta ta tausaya wa furfurarsa. Felisita baiwa ce, ta haihu a tsare kwanaki kaɗan kafin ranar. Babban ɓangaren labarin da bakin Perpetuwa aka ba da shi. Mako uku. In Zumuntar Mata ta ji wannan, ba sai an sake yin shela ba. Daga nan Sipiriyan, sashe huɗu a mako, mako tara. A rufe da littafin Atanasiyus a kan yadda Kalma, wato Almasihu, ya zama mutum, sashe na 1 zuwa 32 daga cikin 57, mako takwas. Jimla mako 23. In an fara a farkon Nuwamba bayan an shigo da amfanin gona, aka huta mako uku na Kirsimeti, za a sauke a ƙarshen Afrilu kafin ruwa ya zauna. A karkara, zauren da ya shiga damina ba ya fita da rai.

Na zaɓi uku daga cikin huɗun nan daga Afirka ta Arewa da gangan. Yaron da ake ce wa addininsa kayan Bature ne ya kamata ya san cewa ana rubuta tauhidin Kirista a Tunisiya da Masar da Aljeriya na yau ɗaruruwan shekaru kafin bishara ta kafu a yawancin arewacin Turai. Amma kada a wuce gona da iri. Da Latin da Helenanci suka yi rubutu, 'yan daular Rum ne, duniyarsu ba tamu ba ce, kuma sanin wannan bambanci yana cikin karatun.

Agustin na shekara ta biyu ne. An haife shi a 354 a garin da yau ake kira Suk Aharas a Aljeriya, ya yi bishop a Hippo, wato Annaba, har mutuwarsa a 430. Littafinsa na ikirari, wanda ake sayarwa da sunan Confessions, kashi 13 ne. Tara na farko labarin rayuwarsa ne. Daga na goma ya shiga zurfin tunani a kan tunawa da lokaci da farkon littafin Farawa, kuma a nan ne masu karatu ke zubewa. A tsaya a na tara. Ko su ma sun fi ƙarfin karatu da baki gaba ɗaya, don haka mai jagora ya zaɓo: satar 'ya'yan itace yana ɗan shekara 16 a kashi na biyu, inda ya tambayi kansa dalilin da ya sa ya saci abin da ba ya bukata, mutuwar abokinsa a na huɗu, lambun Milan a 386 da Romawa 13:13-14 a na takwas, mutuwar mahaifiyarsa Monika a na tara. Kada kowa ya ruɗe ku ku fara da littafinsa Birnin Allah, mai kashi 22, wanda ya ci wa mai shi shekara 13, ko babban kundin tauhidi na Jon Kalbin na 1559 mai babi 80. Littafin Jon Banyan na 1678 a kan tafiyar mai ibada yana da daɗin ji da baki, sunayen mutanen cikinsa kuma suna shiga Hausa ba wahala, sai dai in akwai 'yan Katolika a zauren a gaya musu tun da wuri cewa akwai wurin da ya zana Paparoma a matsayin tsohon ƙato, kuma wannan rigimar Ingila ce ta zamaninsa. Na fasto Bajamushe Bonhofa na 1937, mai maganar alheri mai arha da alheri mai tsada, da na marubucin Birtaniya C. S. Luwis, fassararsu da bugunsu suna da masu haƙƙi har yanzu. Waɗannan saye ake yi, ba a kai su wurin mai hoton takarda.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne fassara, kuma a nan zan daɗe. A sashe na 54 na littafin Atanasiyus akwai jimlar da ta fi kowacce shahara, wadda in aka mai da ita Hausa kalma da kalma za ta ce Kalma ya zama mutum domin mu zama Allah. A kunnen Bahaushe, Kirista ne ko Musulmi, wannan saɓo ne tsantsa, kuma jimla ɗaya irin wannan in ta fita daga zaure ba tare da bayani ba tana iya rufe shi, ta kuma jawo wa ikilisiya magana a unguwa. Atanasiyus bai ce halitta za ta zama Mahalicci ba. Rayuwarsa duka, har da korar da aka yi masa sau biyar daga kujerarsa, ya kashe ta ne wajen tsare wannan iyaka. Abin da yake nufi shi ne na 2 Bitrus 1:4, wato a sa mu tarayya cikin rai da rashin ruɓa waɗanda na Allah ne, ta wurin alheri. Ko da yake sashen ba ya cikin karatun shekarar farko, mai jagora ya shirya wannan tun kafin a iso. Haka kalmar da ake amfani da ita ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki: in aka ce "mutum uku" an ɓata magana, domin mutum a Hausa ɗan Adam ne. Alheri ma yana da tarko, tunda a bakin kasuwa alheri kyauta ce da ake yi wa wanda ya kyauta, alhali Agustin yana nufin abin da ke zuwa wa wanda bai cancanta ba, tun bai nema ba. Ikirari a wurinsa ya haɗa furta zunubi da yabon Allah da shaida bangaskiya. Kalmar katolika a rubutun ƙarni na uku tana nufin ikilisiya ta ko'ina da ko'ina, tun ba a yi rabuwar da muka sani ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke rikita mutane a lokacin buɗe ayoyi. Lambobin Zabura a tsofaffin littattafai sukan gaza namu da ɗaya, domin sun bi lissafin fassarar Helenanci, don haka in an nemi aya ba a gani ba a duba Zabura ta gaba. Kuma sukan kawo magana daga littattafai irin su Hikimar Sulemanu, waɗanda ba sa cikin 66 na Littafi Mai Tsarki da ke hannun yawancin Furotesta. Atanasiyus ya yi haka tun a sassan farko. A faɗa a sarari, a wuce.

Babban abin da ke kashe zaure shi ne ya koma wa'azi. Tarbiyyarmu ce: in Baba Fasto ya yi magana, wa zai ce "amma"? In ya fara, an gama. Fasto mai hikima zai zauna a zauren, domin zamansa yana kwantar da hankalin dattawa, amma ya roƙi a bar shi ya yi magana a ƙarshe. A fara zagaye daga ƙarami, a riƙa juya jagoranci duk bayan littafi guda, a kira mata da suna a tambaye su. Lokacin da Agustin ya keɓe da abokansa da ɗalibansa a wani gidan gona kusa da Milan a ƙarshen 386 suna karatu da muhawara, Monika tana cikinsu, kuma ɗanta ya rubuta amsoshinta ya yaba musu.

Littafin Sipiriyan yana bukatar kulawa ta musamman, domin mai yiwuwa wanda abin ya shafa yana zaune a da'irar. Doka ta fari: ba a kiran sunan kowa, zaure ba kotu ba ne, horo aikin dattawa ne. Mai jagora kuma ya san dukan labarin. Sipiriyan yana da zafi. Ya ɗora laifin faɗuwar a kan son dukiya, bai kuma bar shugabanni ba, ya ce akwai bishop-bishop da suka bar kujerunsu suna yawon kasuwanni suna cin riba. Amma ya bambanta wanda ya ruga da ƙafarsa tun ba a kira shi ba da wanda azaba ta karya jikinsa. Majalisar da ta zauna a Kartaj a 251 ta buɗe hanyar dawowa ga masu sayen takarda, ta ce waɗanda suka miƙa hadaya su ci gaba da tuba, a karɓe su in mutuwa ta gabato. Ba a daɗe ba, da aka ga wani tsanani yana tafe, aka karɓi dukan masu tuba, domin kada a tura mutane fagen fama ba tare da Jibin Ubangiji ba. Wanda ya karanta littafin bai san wannan ƙarshe ba zai fita da bulala a hannu.

Kada kuma a mai da waɗannan mutane marasa kuskure. Agustin ya goyi bayan hukuma ta tilasta wa 'yan Donatus, wasu Kiristocin Afirka ta Arewa da suka ware, komawa ikilisiya, ya kafa hujja da Luka 14:23, kuma an yi amfani da wannan hujja an zalunci mutane ɗaruruwan shekaru bayansa. Mu da muka san ɗacin tilas a kan addini ya kamata mu karanta wannan mu ce Baba ya yi kuskure. Shi kansa, a shekarunsa na ƙarshe, ya zauna ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda zai gyara.

Saura kira ga makarantun tauhidi, irin su TCNN a Bukuru da JETS a Jos da makarantun Littafi Mai Tsarki masu koyarwa da Hausa. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma mai neman waɗannan tsofaffin littattafai a kanti da Turanci zai fi samun su. Kowane zaure ya ajiye littafin rubutu guda, a riƙa shigar da kalma mai wuya, da Hausar da aka zaɓa mata, da wadda aka ƙi da dalilin ƙin ta. Makarantu su tattara waɗannan. A ba ɗalibin shekarar ƙarshe sashe huɗu na Sipiriyan ya fassara, malamin Helenanci ko Latin ya duba, sannan a kai wa zaure a ƙauye a karanta da baki, a ce wa wata Mama ta maimaita abin da ta ji da kalmominta. Inda maimaicinta ya kauce, nan fassarar ke da rauni, a koma a gyara. Ɗalibai tara sun gama littafin a zango ɗaya.